Jar Fitila a Muryar Gwaggo

Shafi na 19

Masu aiko min saƙo kuna tambayar ko an kunna faifan, ku gafarci jinkirina. Ku gyara zama, yau za a kunna.

*

Muntaka ya ji tsayuwar babur a ƙofar situdiyo, tun kafin a yi sallama ya san ko wane ne.

Kwana tara ke nan yana gudun wannan sallamar.

"Salamu alaikum. Mai ɗaukar murya yana ciki, ko yau ma za a ce min ya tsallaka Kusuri sayen waya?"

Yaya Waliyyullahi ne, babban ɗan Gwaggo Maiturare, wanda ke da rumfar yadi a bakin gadar Ngeli. Ya sunkuyo ya shigo, zafin watan Afrilu ya jiƙa masa wuyan jallabiya sharkaf.

"Ina ciki, Yaya. Sannu da rana."

"Afe, afe, lafiya lau. Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Ba ni faifan Inna."

Muntaka ya dubi kwamfutar da ke kan tebur, ya dubi ƙasa.

Gwaggo Maiturare yayar mahaifinsa ce, a ɗakinta ya tashi. Sati shida da suka wuce ya lallashe ta da ƙyar ta zo nan unguwar Mursal ya ɗauki waƙar hanya, waƙar da ke jera duk zangon da ayarinsu ya sauka tun daga Haɗeja, da sunan duk wanda suka binne, a shekarar da suka fito da ƙafa da niyyar Makka tafiyar ta tsaya musu a garin nan na Njamena. Duk zuri'ar babu wanda ya iya ta daga farko har ƙarshe sai ita. Sau ɗaya ta rera. Bayan sati biyu ɓarin jikinta ya shanye, ya tafi da harshen.

"Da kai nake, Muntaka."

"Yaya, ka ƙara min kwana biyu."

"Kwana biyun da ka karɓa ran Juma'a fa? Mutanen Kusuri sun iso, mutanen Abeshe sun kwana a hanya sun iso. Duk suna can unguwar Butalbagar a gidan ƙanwarmu Hajara, an cika tsakar gida. Hajara ta sunkuya ta ce wa Inna yau za ki ji muryarki. Ka san me ta yi? Matse mata hannu ta yi. Tun ranar da ta kwanta ba ta matse hannun kowa ba."



Muntaka ya miƙa hannu a hankali, ya sa faifan, ya danna.

Da farko lafiya. Gyaran murya, bisimilla a hankali. Yaya Waliyyullahi ya lumshe ido, har gefen bakinsa ya fara sakin murmushi.

Sai Gwaggo ta ɗaga.

Ƙrrrrt!

Kamar an kama sabon yadi an yage. Duk inda muryar ta yi sama sai ta farfashe, kalmomin su cakuɗe da wata irin ƙara mai sa haƙori tsami.

Yaya ya buɗe ido.

"Lasifikarka ta fashe."

"Ba lasifika ba ce."

"To rage mana!"

Ya rage. Muryar ta yi ƙasa, amma tsagewar ta bi ta ƙasan, tana nan daram.

"Kwana tara ina ragewa, Yaya. Ko a kunne na sa, a tsage take."

"Ban gane ba."

"Ni na ɓata ta."

Ya kashe. Sai kukan fanka da hon ɗin ƙananan bas daga titi.

"Shekara goma sha tara ina ɗaukar murya a kaset," ya ce, bai ɗago ba. "A kaset, in allura ba ta lashi ja ba, shuuu ɗin zare sai ya cinye muryar. Haka aka koya min, haka hannuna ya saba. Ranar da Gwaggo ta zo na murɗa har jar fitila ta kama, na ce to yanzu ta shiga da ƙarfi. Da abin ya ƙi, na tsallaka wurin wanda ya sayar min da na'urar. Ya ce a kwamfuta in ja ta kama a wurin ɗauka, kalas. Babu magani."

"Yaushe ka sayi abin nan?"

"Wata huɗu."

"Wata huɗu." Yaya ya maimaita a hankali. "Uwata ka samu ka koyi hannu da ita?"

"Wallahi ba haka ba ne."

"Ga na'urar kaset ɗinka can a lulluɓe da zane. Wadda ka sani kamar tafin hannunka. Me ya hana ka ɗauka da ita?"

"Kaset yana tsufa, Yaya. Zafi ya narkar da shi, na'ura ta tauna shi. Na so ta samu abin da jikokin jikoki za su ji."

"To ga shi ko 'ya'yan ba su ji ba."

 Da marin Muntaka aka yi da ya fi masa sauƙi.

Yaya Waliyyullahi ya ja benci ya zauna daɓas, ya cire hula ya riƙe a hannu. Faɗan ya fita daga muryarsa, abin da ya rage ya fi faɗan ciwo.

"Me zan je in ce mata? Ba ta iya tambaya ba yanzu, Muntaka. Ido kawai za ta zuba min."

Labulen ƙofar cikin gida ya motsa.

Safiyatu ce, matar Muntaka, ɗauke da farantin shayi. Ko mayafin aiki ba ta cire ba. Shekara shida ke nan tana zama a gaban teburin sauti a wani gidan rediyo mai zaman kansa, amma teburin mijinta ko ƙura ba ta gogewa sai ya fita. Tun ranar da ta ce masa sautinsa ihu yake yi ya kafa doka: rediyonta daban, ɗakinsa daban.

Ta durƙusa ta gaida Yaya, ta ajiye farantin. Sannan ta juya.

"Baban Lailatu, abin da na jiyo daga tsakar gida, muryar Gwaggo ce?"

Ya mayar da ido kan kwamfutar.

"Shi ne ciwon kan da ya hana ka cin abinci kwana tara?"

"Safiya, koma ciki."

"Ba a wurin ɗauka ta tsage ba."

"Na ce ki koma ciki."

"Bar ta," in ji Yaya. "Me kika ce?"

"Na ce ba a wurin ɗauka ta tsage ba, Yaya."

Muntaka ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ke kika ɗauka? Da hannuna na murɗa maɓallin har ja ta kama."

"Ka murɗa."

"To?"

"Ni kuma na mayar."

Muntaka ya juyo gaba ɗaya.

"Kika me?"

Ta haɗa hannuwanta a gaba, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ka tuna abin da Gwaggo ta ce da ka sa mata makirfo? Ta ce ita ba ta rera wa ƙarfe, ka zo ka zauna a gabanta yadda kake yi kana ƙarami. Ka tashi ka zauna a tabarma, ka ba tebur baya. Lokacin na shigo da ruwa."

"Na tuna."

"Da magana ka auna ta, Baban Lailatu. Ka ce ta faɗi sunanta, ta faɗa a hankali, a hakan ma ja tana ƙiftawa. Kai ka fi kowa sanin Gwaggo in ta ɗaga, mai tallan gyaɗa a bakin titi sai ta waiwayo. Kuma ka san waƙar hanya in an fara ba a tsayawa, ba a kuma maimaita ta. Na ga in na yi shiru, shi ke nan. In na yi magana, mu tsaya gardama a gabanta. Sai na miƙa hannu na dawo da shi baya. Na tsaya har ta yi ɗagawar farko, na ga fitila ta tsaya a ruwan ɗorawa ba ta kai ja ba, sannan na fita."

"Amma washegari na tarar da shi a kan alamata. A kan farin fentin da na ɗiga."

"Da na zo shara na mayar."

Muntaka ya zuba mata ido.

"Sati shida," ya ce. "Sati shida kina kallona."

"Kai ma kwana tara kana kallona. Da ka ce min ga abin da ya faru, da tun ranar na faɗa. Ni na zata aiki yana tafiya daidai."

"Me ya hana ki faɗa tun farko?"

"Ka ce ranar da na taɓa teburinka in ɗauki tabarmata in koma gidan rediyo da kwana."

"Wasa nake yi!"

"Fuskarka ba ta yi kama da ta mai wasa ba."

Yaya Waliyyullahi ya buga hularsa a gwiwa.

"Ku ajiye min shari'ar gidanku, in na samu lokaci na zo na yanke. Safiyatu, kalma ɗaya nake so. Muryar Inna tana nan, ko ba ta nan?"

"Ban sani ba tukuna, Yaya. Ta shiga lafiya, wannan na rantse. Abin da ya same ta bayan ta shiga, sai na duba." Ta ɗan dubi mijinta. "In an ba ni kujera."

Muntaka ya dubi kujerar da yake kai. Tsohuwar kujerar ƙarfe ce, tun zamanin kaset, ba wanda ya taɓa zama a kanta sai shi.

Ya tashi.

Har ya juya mata ita da hannunsa.

Ta zauna, ta yi bisimilla, ta kama linzamin kwamfutar.

"Tambaya ɗaya, kuma ka yi tunani kafin ka amsa. Asalin muryar ka buɗe ka yi wa ƙari ka adana a kanta? Ko a teburin haɗawa na cikin kwamfuta ka yi ta turawa?"



"Ban san bambancinsu ba."

"Innalillahi."

"Mene ne kuma?" in ji Yaya.

"In asalin ya taɓa ya adana, abin da na tsare ya tafi. In a tebur ne kawai, tana nan yadda ta fito daga bakin Gwaggo."

Ta shiga buɗe wurare ɗaya bayan ɗaya. Muntaka yana tsaye a bayanta. Duk addu'ar da ta zo bakinsa yi yake, har ta shiga kasuwa.

"Da wane suna ka ajiye?"

"Gwaggo."

"Gwaggo nawa ne a nan? Gwaggo ɗaya, Gwaggo biyu, Gwaggo gyara, Gwaggo gyara na gaskiya..."

"Wanda babu komai a gabansa."

Ta tsaya a kansa. Ta matso da fuska kusa da gilashin.

"Ranar da aka taɓa shi ta ƙarshe, ɗaya ga Maris. Ƙarfe huɗu da minti goma na yamma."

"Ranar da ta zo ke nan," in ji Muntaka. "Talata ce."

Safiyatu ta saki numfashi, ta jingina da kujera.

"Ba ka taɓa shi ba. Rashin sani ya yi maka rana."

"Tana nan?" in ji Yaya, ya miƙe tsaye.

"Tana nan, Yaya. Kaya aka jibga mata a ka, yanzu za mu sauke."

Ta buɗe teburin haɗawar da Muntaka ya kwana tara yana fama da shi. Tana gani ta dafe haɓa.

"Baban Lailatu! A kan muryar kanta ka ƙara tara. Nan wurin gyaran kauri da kaifi, duk sandunan ka tura sama, sun jeru kamar shinge. Ga eko, shi ma ka ƙara masa. Ga ƙofar fita, ka ƙara shida."

"Na ji ta fi sauran aikina sanyi ne. Kuma mutane sauti mai ƙarfi suke so. Direbobin bas in faifai bai girgiza gilashi ba dawo min da shi suke yi."

"Gwaggo ce, ba bas ɗin kasuwar Dembe ba."

"Ku yi min Hausa," in ji Yaya. "Tara da shida na mene ne? Ya ce ya rage, na gani da idona ya rage, ba ta daina tsagewa ba."

Safiyatu ta jawo farantin shayin. Ta ɗaga buta ta tsiyaya a finjali, ya cika, ba ta tsaya ba, har shayin ya malalo ya kwanta a faranti.

"Ke, ɓarna!"

Ta ɗauki finjalin ta juye rabinsa a wani.

"Yaya, wannan na biyun ya cika?"

"Rabi ne."

"Wanda ya zube a faranti ya dawo?"

"Ina fa zai dawo."

"To haka ya yi. A finjalin farko ya zubar, sai ya koma yana rage na ƙarshe. Murya kafin ta iso kunne wuri huɗu ko biyar take bi, kowanne da bakinsa. In ta malala a ɗaya, duk ragin da za a yi a gaba ɓatacciya ake ragewa. Kaset buhu ne, in ka danna sai ya ɗan saki ciki ya karɓa, har ya yi daɗin ji. Kwamfuta finjali ce. Sifili shi ne bakinta, abin da ya haura sai ta datse masa kai."

Yaya ya dubi farantin, ya dubi Muntaka.

"Shekara goma sha tara, ashe shayi ma ba ka iya zubawa ba."

Karo na farko a kwana tara, Muntaka ya ji dariya ta taso masa. Ta fito haɗe da ƙwalla.

Safiyatu ta matsa gefe, ta tura masa linzamin.

"Hannunka ya ɗora, hannunka zai sauke. Fara daga na farko. Mayar da shi sifili."

Ya mayar.

"Sandunan nan, kwantar da su duka a tsakiya. In ma akwai abin gyara, ragewa ake fara yi kafin ƙari."

Ya kwantar da su ɗaya bayan ɗaya.

"Eko fa?"

"Cire shi gaba ɗaya," in ji Yaya. "Inna ba a cikin rijiya take ba."

Ya cire. Ya sauko da ƙofar fita ita ma.

"Yanzu sai mu auna," ta ce. "Ba da farkon waƙa ake aunawa ba, da inda ta fi ɗagawa. Ni fitila na iya karantawa, ban san waƙar ba. Kai ka san wurin."

Ya sani kuwa. Tun yana ɗan shekara biyar yake jin ta a kan cinyarta.

"Tsallaken kogi," ya ce. "Inda kwalekwale ya rabu da gaɓar Kusuri. Wajen minti na talatin da ɗaya."

Ya kai wurin. Yatsansa ya tsaya a kan maɓalli, ya kasa dannawa.

"Danna mana, ɗan'uwa," in ji Yaya a hankali.

Ya danna.

Muryar Gwaggo Maiturare ta cika ɗakin.

Ta ɗaga, ta ƙara ɗagawa, ta kai can inda kullum take farfashewa. Muntaka ya runtse ido yana jiran yagewar.

Ba ta zo ba.

Muryar ta haye sumul, ta yi 'yar rawar nan tata ta tsufa a ƙoli, ta sauko. Har jan numfashinta ana ji. Har ƙarar awarwaronta lokacin da ta ɗaga hannu.

Ya buɗe ido. Fitilun suna hawa kore, su leƙa ruwan ɗorawa, su dawo. Ja tana can sama a kashe.

"Ka gani?" Safiyatu ta nuna da yatsa. "Mafi ƙarfinta ya tsaya saura tara ya kai sifili. Wannan sararin na sama ba asara ba ne. Wurin numfashinta ne."

"Alhamdu lillahi," Yaya yake ta faɗa. "Alhamdu lillahi. Ƙara min, Muntaka, ƙara in ji da kyau."

Hannun Muntaka ya tafi kan linzami da saurin sabo. Ya tsaya. Ya janye shi, ya kai kan maɓallin lasifika, ya murɗa.

 Safiyatu ta kau da kai tana gyara mayafi, ya ga gefen kumatunta ya motsa.

"Mayar farko," in ji Yaya. "Ba zan kai wa Inna abin da ban ji da kunnena ba."

Suka zauna su uku, suka saurara tun daga bisimilla. Haɗeja, Gaidam, Kukawa, Dikwa. Kowane zango da ruwan da suka sha, da wanda ƙasar wurin ta karɓa. Da ta iso Afade muryar ta yi laushi.

"Afade ta ba mu inuwar tsamiya,
ta karɓi Sakinatu, 'yar wata bakwai."

Yaya Waliyyullahi ya rufe fuska da hula.

Sakinatu yayarsa ce, 'yar farin Gwaggo, wadda bai taɓa gani ba. Duk shekara kafin azumi yakan rufe rumfa ya hau mota har Afade, ya tsaya a gindin tsamiyar ya yi mata addu'a.

Suka bi waƙar har Gwaggo ta tsallake kogi, ta sauke ayarin a Folami, sunan Njamena na da, ta shafa da amin.

Muntaka ya zame daga tsaye ya kai goshi ƙasa, nan kan tabarmar da ya zauna a gabanta ranar. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ji ya yi jikinsa sakayau, har yunwar kwana tara ta taso masa gaba ɗaya.

Yaya ya ɗauki finjalin rabin nan ya kurɓa, ya yamutsa fuska.

"Ya huce. Amma ban taɓa shan mai daɗinsa ba." Ya dafa kafaɗar Muntaka ya girgiza. "Maganar da na faɗa ɗazu, ta koyon hannu, ka yafe min."

"Gaskiya ka faɗa, Yaya."

"Gaskiya ce, amma ka yafe. Daga yau dai in zan kawo aiki sai na aiko a tambaya ko Safiyatu tana gida."

"Ka aiko," in ji Muntaka. "Kujera ta biyu zan saya."

"Ta katako," ta ce. "Wannan ta cinye min baya."

"To ku buga min faifan in kama hanya, kafin mutanen Abeshe su cinye wa Hajara tukunya."

Safiyatu ta juya ga kwamfutar don ta shata inda faifan zai fara da inda zai ƙare. Ta ja hoton muryar zuwa ƙarshe. Sai hannunta ya tsaya.

"Baban Lailatu, a ina ka yanke naka?"

"Inda ta ce amin."

"A nan ka kashe na'urar ranar?"

Ya yi tunani.

"A'a. Tana gamawa ta ce la'asar na wucewa, na fita da gudu neman tasi. Sai da na dawo na kashe."

"Ni kuma ina madafa ina ɗaure mata tuwo. Ita kaɗai muka bari ke nan." Ta nuna gilashin. "Akwai minti huɗu bayan amin. Dubi layin nan. Ba a miƙe yake ba."

Muntaka ya sunkuyo. Layin siriri ne kamar zare, amma yana da 'yan tudu ƙanana, su taso, su kwanta, su sake tasowa.

"Fanka ce."

"Fanka ba ta tsayawa ta ja numfashi."

Yaya, wanda har ya sa hula ya kai bakin ƙofa, ya dawo.

"Magana ce?"

"Da alama. Can ƙasa-ƙasa, kamar raɗa." Ta dubi mijinta. "Ga inda ake ƙari. Nan kaɗai, kuma a hankali. Kana turawa kana kallon fitila."

Ya shata wurin, ya tura kaɗan. Kore ɗaya ta kama. Ya ƙara. Biyu, uku.

"Ya isa," ta ce.

Ya danna.

Kukan fanka ya fara fitowa. Sai motsin tabarma. Sai ƙarar awarwaro, kusa sosai, kamar mai shi ta jawo makirfo zuwa bakinta.

"Muntaka."

Muryar Gwaggo ce.

"Na ga 'yar fitilar nan ba ta mutu ba, na san ƙarfen naka bai rufe kunne ba. To ya ji. Abin da na kasa faɗa wa mutum shekara hamsin da bakwai, bari in faɗa wa ƙarfe. In ka ji, ka kira min Waliyyullahi ku ji tare."

Yaya ya dafa bango.

"Waƙar nan gaskiya ce duka, sai wuri ɗaya. Afade."

Aka ji ta ja dogon numfashi.

"Babu kowa a gindin tsamiyar nan. Ba mu binne Sakinatu ba. Nono ya ƙafe min, tana zazzaɓi, ayari ba ya jira. Da ranta na miƙa ta ga wata mata mai goyo, na ce in mun dawo daga Makka zan karɓa. Ba mu je ba, na ji kunyar komawa. Amma ban daina tambaya ba. Ta rayu, Waliyyullahi. Ta yi aure, ta tsallako kogi. Tana cikin garin nan."

"Inna..." Yaya ya faɗa, kamar za ta ji shi.

"Ka matso kusa," in ji muryar Gwaggo, "in gaya maka sunan da ake kiranta da shi yanzu."